Zuwa ga Littafin Kuɗin Baba

Ya kai littafin da ruwa ya ci.

Tun ambaliyar Satumbar 2010, da gulbin Rima ya haura ya shiga gidajen mutane daga Goronyo har nan Wurno, ban sake sa ka a ido ba. An tsamo tukwane, an tsamo tabarmi, har gwangwanin tsoffin kuɗin Baba an tono shi cikin laka. Adakar da kake ciki kuwa, ko murfinta ba a gani ba.

Kai ba littafin addini ba ne, amma Baba yakan naɗe ka da ƙyalle. Kundin gwanjo ne kai, na kamfanin Spink da ke Landan, wanda wani abokinsa ya kawo masa tsaraba. Baba bai iya Turanci ba, hotunanka yake karantawa. Da la'asar sai ya zazzage gwangwani a kan buzu, ya ɗora kowane kuɗi bisa hotonsa, ya ce mini, "Duba wanga, ɗana, shi ne anini." In duba: huda a tsakiya, tauraro mai tsini shida, ga rubutun Larabci a jiki. A shafinka na fara sanin cewa na farkonsu, na 1907, da alminiyam aka buga shi. A nan kuma na ga kwabon 1936 mai sunan Edward na takwas, sarkin Ingilan da bai cika shekara bisa gado ba. Baba yana da guda biyu, ya kuwa fi ji da su.

Liyari ya fi komai cin lokacinmu. Azurfa ce mai nauyi, da kan Mariya Tariza, kuma ko yaushe aka buga shi 1780 ake rubutawa. Shi ne wanda Barth, Baturen da ya zo wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba a garin nan cikin 1853, ya tarar ana canzawa a Kano kan wuri 2,500. Namu na Inna ne, an yi masa kunne tana ratayawa a wuya.

Duk wannan zan iya sake samu. Dillalan littattafai na sayar da ire-irenka, ɗana ma ya nuna mini su a waya. Abin da ya tafi tare da kai shi ne gefen shafukanka. Turawa sun rubuta nauyi da shekara da farashin gwanjo. Baba ya bi gefe da tawada, cikin ajami, ya rubuta abin da kowane kuɗi ya saya a hannunsa. Gefen taro, albasar fadama nawa. Gefen sule, mudun shinkafa nawa a kasuwar Acida. Gefen fataka ya sa lissafin sadakin Inna. A shafin ƙarshe ya rubuta ranar da naira ta shigo, 1 ga Janairu 1973, da abin da ya rage a aljihunsa ran nan.

Sau nawa ya ce in kwafe, ina cewa sai an yi hutu.

Jiya jikata ta ɗauki ɗari, wato rabin kwabo, daga gwangwanin, ta leƙo ni ta hudar, ta ce, "Kaka, wannan me yake saye?" Na san amsar tana gefen shafinka, wajen hannun dama daga ƙasa, inda tawada ta ɗan zuba. Na rufe ido ina ganin wurin sarai, amma na kasa karanta layin.

Naka,
ɗan mai littafi, Wurno