Ranar Da Wuta Ta Hana Ni Aiki

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kulle garuruwa, wani kamfani a Ikko ya gayyace ni ganawar neman aiki ta Zoom. Na saɓa babbar riga, na zauna gaban kwamfuta a ɗakina a Kano. Mutum uku suka bayyana, ba musabaha, ba doguwar gaisuwa, sai tambayoyi. Ina cikin amsa ta biyu aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu. Kafin in tayar da janareta, lokacina ya wuce. Na aika da takardar ban haƙuri, shiru kake ji har yau.

Jama'a, ashe ba ilimina kaɗai aka auna ba, har da wutar unguwarmu. Wanda duk za a gana da shi haka, ya tanadi waya mai caji a gefe.