Ɗan Aike da Mazubinsa

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina, akwai wani darasi a karatunmu na kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da nake ganin ya shafi kowa, ko da bai taɓa zama gaban na'ura ba.

Tun 1970, da Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo dabarar ajiye bayanai cikin jadawalai masu dangantaka da juna, wannan tsari ya yi ta bazuwa har ya game bankuna da makarantu. A irin wannan rumbun bayanai, misali PostgreSQL, mutum na iya rubuta ɗan umurni nasa na kansa, wanda ni nake kira ɗan aike, watau ka ba shi abu, ya yi lissafi, ya komo maka da amsa. Amma tilas ne tun farko ka faɗi irin amsar: cikakkiyar lamba ce, ko lamba mai ɗigo, ko rubutu, ko kwanan wata.

Wannan bai zame mini baƙon abu ba, domin a gidanmu a Kurfi wanda za a aika sayen man gyaɗa kwalba ake ba shi, mai sayen gero kuwa ƙwarya. Mazubi tun daga gida ake zaɓensa.

To, a ce ɗan aiken matsakaicin makin ɗalibi zai lissafa, aka kuma ce cikakkiyar lamba zai kawo. Mai 4.49 da mai 3.50 duk 4 za su samu, mai 3.49 kuwa ya faɗo 3, alhali tazararsa da mai 3.50 ba ta wuce 0.01 ba. Na'ura ba za ta yi gargaɗi ba, abin da aka ce ta kawo shi ta kawo. Haka lambar waya, in ba a ce rubutu ce ba, sifirin farkonta ɓacewa zai yi, kuɗi kuma su rasa kwabbansu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kalma guda ce a layin farko take jawo duk wannan, wanda abin zai shafa kuwa bai ma san da ita ba. Saboda haka kafin in rubuta ta nakan tsaya in tambayi kaina: wa ke jiran amsar nan, me kuma zai yi da ita? Guminsa na shekara huɗu na iya rataya a kan abin da ke bayan ɗigo.

Allah Ya sa mu riƙe amana.