Saƙon da Bill ya aika wa mahaifiyarsa

Da daddare, bayan an ci tuwo, nakan karanta wa ɗana 'yan shafuka daga littafin Across Five Aprils, wanda Irene Hunt ta wallafa a 1964. Labarin Jethro ne, yaro ɗan shekara tara a wata gona a kudancin Illinois, lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Wasu daga cikin yayyensa sun bi rundunar Arewa. Yayansa Bill kuwa, wanda ya fi kusa da zuciyar yaron, ya tafi Kudu bayan sun dambace da ɗan'uwansa John.

Marubuciyar ba ta mai da Bill mugu ba, abin da ya sa nake girmama ta ke nan. Shi ma yana ƙin bauta, amma ya kasa yarda cewa gaskiya duka tana gefe guda. Wasu mutanen yankin kuwa ba su yafe ba. Sun cinna wa rumbun gidan wuta, suka zuba kananzir a rijiya.

Wurin da muryata ta shaƙe shi ne inda John ya tarar da Bill cikin fursunonin yaƙi. Bill ya roƙe shi ya gaya wa mahaifiyarsu cewa ba ya fagen da aka kashe ɗan'uwansu Tom, don haka ba harsashinsa ba ne.

Ɗana ya yi shiru, yana jan zaren tabarma. Can ya ɗago.

"Baba, to ta yarda?"

Na ajiye littafin na jawo shi jikina. Ƙaninsa na barci a gefenmu, ƙafarsa ɗaya a kan cinyar yayansa.