Lauya zai koma aji

Daren jiya ina cike fom ɗin digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasashe da diflomasiyya, wanda ake kira MIAD a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai kawuna ya leƙo. Ya ce, "Barista, shekara biyar a jami'a, ɗaya a makarantar lauyoyi ta Bagauda, ga bautar ƙasa, yanzu kuma jakada kake son zama? Baƙar rigar ce ta yi maka nauyi?" Na ce, "Kawu, ba ajiye ta zan yi ba." Dariya muka yi, amma da tambayar na kwana.

Akwai shari'ar da na taɓa tsayawa a nan Kafanchan, shanu sun shiga gonar citta. Muka yi nasara, aka biya diyya har ƙwandala. Bayan damina biyu na haɗu da manomin a kasuwa, na tambaye shi labarin maƙwabcin nasa mai shanun. Ya kawar da kai, ya ce ko gaisuwa ba ta haɗa su, matansu ma sun daina ɗibar ruwa a rafi ɗaya. Takardar hukuncin kuwa tana nan cikin leda a ƙarƙashin katifarsa. Ban ji daɗin cin abinci ba ranar.

Ashe ƙasashe ma haka suke. Kotun Duniya ta ba Kamaru Bakassi a 2002, amma sai da Kofi Annan ya zaunar da Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a 2006, miƙawar kuma ba ta kammala ba sai 2008. Alƙalai sun gama nasu, sauran aikin na masu lallashi ne.

Mu ma mun gani a ƙofar gida. A watan Maris na 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Sanga, Kachia da Zangon Kataf suka rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Wadda ta jagoranci sulhun, Alice Nderitu, daga Kenya ta zo. Allah ya saka mata, amma abin ya tsaya mini a rai: mu da aka haifa a cikin rigimar, muka san sunan kowane ƙauye, me ya hana mu iya wannan sana'a? Ga kuma ƙa'idar ECOWAS ta 1998 kan ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ta shafi gonakinmu kai tsaye, amma ko sau ɗaya ban ji lauya ya ambace ta a kotu ba.

Shi ya sa a takardar bayanin dalilin neman gurbi na goge sakin layi biyu da na cika da Majalisar Ɗinkin Duniya, na rubuta labarin gonar citta. Dokar ƙasa da ƙasa da muka karanta a aji ta koya mini fassara yarjejeniya. Abin da nake nema yanzu shi ne yadda ake kai mutane ga sa hannu.

Abu ɗaya ya rage, taransikirif, wato takardar sakamakon karatuna na jami'a. Wata uku ke nan ina bibiya, kullum a ce in dawo mako mai zuwa. 'Yan'uwa lauyoyi masu irin wannan niyya, ku nemi naku tun kafin a buɗe fom. Wanda kuma ya riga ya bi wannan hanya, don Allah ya yi mini magana.