Lugbe: Haɗarin da Ke Ƙarƙashin Murfin Shadda

Idan kun baro tsakiyar Abuja kuka kama titin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, Lugbe ce za ta tare ku dama da hagu: Federal Housing, Tudun Wada, Pyakasa, da sababbin gidaje masu tsirowa kamar ciyawar damina. Amma a matsayina na mai harhaɗa magunguna, abin da ke ƙarƙashin gidajen ne ya fi damuna.

Garki, Wuse da Maitama suna da bututun da ke kai ƙazanta matatar Wupa. Yawancin gidajen Lugbe kuwa da shadda suka dogara. Idan ambaliya ta zo, irin wadda ta afka wa Trademore a 2023, ramukan sukan cika, sai a nemo matasa su yashe.

A nan haɗarin yake. Ƙazanta idan ta ruɓe a rufe, tana fitar da guba mai suna haidurojin salfaid. Warinta na ruɓaɓɓen ƙwai ne, amma idan ta yi yawa tana kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta tafi. Ta fi iska nauyi, don haka a gindin rami take kwanciya. Shaƙa ɗaya ko biyu na iya sumar da ƙato.

Ita ce ta hallaka mutum 243 a Kaixian ta ƙasar Sin a Disambar 2003, da rijiyar gas ta fashe cikin dare. Shi ya sa masana'antu ke kafa ƙararrawa, da tutar nuna inda iska ke kaɗawa, suna kuma yin atisaye.

Ku ma ku yi naku shirin a gida. Ku kira motar zuƙe masai, kada kowa ya sauka. Kada a zuba asid a shadda, kada a haska ta da ashana. A janye yara idan an buɗe murfi. Idan wani ya faɗi a ciki, kada ku bi shi: masu ceto kan zama gawa ta biyu, kuma jiƙaƙƙen tsumma ba ya kare hanci. Ku kira 112. Wanda aka fito da shi, iska mai kyau da asibiti yake buƙata, ba madara ko manja ba.

Allah ya tsare mu da iyalanmu.