Ashe aiki ma ana karatunsa

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye kusa da Dakwaro, bisa hanyar Kornaka. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba. Wannan wata ina so in ba ku labarin wani baƙo da muka yi a ajinmu, da abin da zuwansa ya tono mini.

Baƙon nan ɗan garinmu ne. Tare aka sa mu lakwal, benci ɗaya muka zauna. Shekarar jarrabawa shi ya wuce kwaleji, ni kuwa babana ya rasu, na koma gona. Ya yi Maradi, ya yi jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai inda ya karanta shari'a, ya kama aikin gwamnati. Daga baya muka ji wai ya tafi Italiya ƙarin karatu. Da ya zo gaida tsohuwarsa da rani, na tare shi na ce: "Kai, wane karatu ya rage maka kuma? Likita za ka zama?" Ya ce a'a, karatun aiki ya yi. Aiki, da ɗaukar ma'aikata, da zaman da ke tsakanin mai aiki da wanda ya ɗauke shi.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce: "Muna shekara bakwai muka fara bin awaki, muna goma aka ba mu hauya. Kai sai da ka shiga jirgin sama aka koya maka aiki? Ai da ka zo wurina na koya maka kyauta."

Bai ji haushi ba. Ya ce: "To malam, tun da ka san aiki, kuɗinka na Jado fa? An biya ka?"

Nan dariya ta ƙare.

Kun tuna a 2014 aka ga zinariya a Jado, can arewa da Dirku. Samarin ƙasar Dakwaro da yawa sun tafi. Ni ma na tafi bayan kakar 2015. Na saida raguna biyu, na ranci sauran kuɗin mota. Can wani mai na'urar neman zinariya ya ɗauke mu, mu shida. Da baki muka shirya: abin da aka samu a raba uku. Kashi ɗaya na na'ura, kashi ɗaya na mota da ruwa da abinci, kashi ɗaya namu mu masu gina. Wata biyar muna gina, rana ta gasa mu, dare sanyi ya hana mu barci. Allah ya ba da samu daidai gwargwado. Ranar rabo sai mutumin ya fito da wani littafi. Duk jarkar ruwa da muka sha, duk tiyar shinkafa, har ƙwayar ciwon kai, ya rubuta su bashi a kanmu, ya cire daga kashinmu. Muka ce ba haka muka yi ba. Ya ce: "Ina shaidarku?"

Na dawo gida da abin da bai kai kuɗin ragunan ba. Na iske iyalina sun taɓa hatsin iri, sai da na ci bashi na yi shibka. Abin da ya fi ci mini rai har yau, cikinmu shida ni kaɗai na iya rubutu, kuma ranar da muka shirya alƙalami yana aljihuna. Kunya ta hana ni cewa a rubuta.

Don haka na roƙi abokin nawa ya zo ajinmu ya yi bayani. Ya zo bayan la'asar, ya zauna kan tabarma cikin rumfa. Ɗalibaina manya ne, akwai manoma, akwai Fulani da Buzaye makiyaya.

Ya ce akwai Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, masu Faransanci suna ce mata OIT. An kafa ta a 1919, bayan yaƙin duniya na farko. Mazauninta yana birnin Janeba na ƙasar Suwis, kuma Nijar ta shiga cikinta a 1961. In za a yi babban taronta, kowace ƙasa tana tura mutum huɗu: biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar ma'aikata, ɗaya na ma'aikata. Kowa da ƙuri'arsa, na ma'aikata yana iya ƙin abin da gwamnatin ƙasarsa ta yarda da shi. Wata ɗaliba ta ce: "Ashe murhu ne, duwatsu uku." Ya ce ko malamansa ba su faɗe shi da kyau haka ba.

Ƙungiyar tana da makaranta a birnin Turin, arewacin Italiya, garin motocin Fiat. An kafa ta a 1964. Ita da jami'ar garin suke ba da babbar takardar da ake kira masta, wadda ake nema bayan digiri na farko. Wani ɓangaren karatun mutum yana yinsa daga gida ta intanet, wani a can, sannan ya rubuta littafin bincikensa. Ya ce a ajinsu akwai mutanen Afirka, da na Asiya, da na Amurka ta Kudu. Wani shugaban ƙungiyar ma'aikata ne, wani na kamfani, wani na gwamnati. Ana koya musu dokokin aiki, da yadda ake yanka albashi, da yadda ake cinikin haƙƙi tsakanin ma'aikata da kamfani, da sulhu in an yi yajin aiki, da wa zai biya in mutum ya ji rauni bakin aiki. Wata rana an sa su wasan kwaikwayo. Ɗan kamfani aka mai da shi lebura, ɗan ƙungiyar ma'aikata aka mai da shi maigida. Ya ce abin mamaki, kowa ya riƙe sabuwar kujerarsa gam, kamar a kanta aka haife shi.

Wani dattijo, shi ne babba a ajin, ya gyara murya ya ce babansa ya ba shi labarin aikin dole na zamanin Nasara. A zo ƙauye a ƙidaya majiya ƙarfi, a tafi da su gyaran hanya da ɗaukar kaya, gona ta cika da haki, ba ko dala. Abokina ya ce: "Gaskiya ne, Baba. Ranar 11 ga Afrilu 1946 aka yi dokar da ta hana shi a ƙasashen da Faransa ke mulki. Ana kiranta da sunan Hufuwet Bwanyi, wanda daga baya ya shugabanci Kodebuwa. A 1952 kuma aka yi dokar aiki ta ƙasashen nan, bayan ma'aikata sun daɗe suna matsa lamba." Ya ƙara da cewa a 2003 Nijar ta sa bauta cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu, kuma a 2015 ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da sabuwar yarjejeniyar OIT ta hana aikin tilas. Wannan ban taɓa jin sa ba, na ji daɗi ƙwarai.

Sai ya zo kan dokar aiki ta 2012. Aikin mako sa'a 40 ne. Ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Mafi ƙanƙantar albashi a wata ya tashi daga jikka 30 da ƴan kai zuwa jikka 42 a watan Janairu 2024. Wanda aka zalunta yana iya kai kuka ga sufeton aiki, akwai ofishinsu a Maradi.

Nan wani Bafulatani, mai kiwon shanun wani ɗan kasuwa, ya ɗaga sandarsa. Ya ce: "Malam, sa'a 40 ka ce? Saniya ba ta san Lahadi ba. Da damina ina ƙetare Tarka da su har wajen Bermo da Gadabeji. Da rani tun asuba ina bakin rijiya. Ladana nono ne, da buhun hatsi, da maraƙi ɗaya a shekara in mai shanu ya tuna. A farin 2010 bisashe sun mutu ko'ina, amma babana aka ce ya yi sakaci, aka hana shi nasa. Ni a wane shafi nake cikin littattafanku?"

Abokina ya yi shiru. Can ya ce: "Shafinka bai cika ba." Ya ce mafi yawan masu aiki a Nijar irinsa ne: ƴan barema, da makiyayan haya, da masu tallace-tallace, da masu tafiya biɗa. Ba takarda, ba albashin wata. A 2015 OIT ta fitar da shawara mai lamba 204 a kan irin waɗannan ma'aikata. Amma shawara ba ta da ƙafar zuwa bakin rijiya, kuma daga Dakwaro zuwa Maradi ya fi kilomita 100.

Na yaba masa da bai yi mana ƙarya ba. Duk da haka na faɗa masa ra'ayina, kuma har yanzu ina kansa: karatun da aka kashe wa kuɗi haka, in bai iso bakin rijiya ba, da sauransa. Bai musa ba. Littafi ya fiddo, ya shiga tambayar ɗalibai yadda ake gayya, da yadda ake yanka kuɗin barema, da yadda Fulani ke ba da habbanaye, wato aron saniya ga wanda ba shi da ita har ta haifa masa. Har magariba yana rubutu, Bafulatanin nan yana gyara masa.

Abu ɗaya ya bar mana mai amfani. Ya ce shiri na baki ma shiri ne a gaban doka, wahalarsa kawai shaida. To wannan kam aikin ajinmu ne. Mako na gaba muka ajiye littafin karatu, muka koyi rubuta takardar shiri. Sunan mai aiki da na wanda ya ɗauke shi. Wane aiki ne. Nawa ne lada, kuɗi ko hatsi ko dabba. Yaushe za a biya. Abinci da ruwa a kan wa suke. Wannan layi ni na sa shi, kun san dalili. Sai shaidu biyu su sa hannu, a yi takarda biyu, kowa ya riƙe tasa.

Bafulatanin shi ya fara gwadawa. Mai shanu ya fusata, ya ce: "Shekara nawa muna tare, yau ka daina yarda da ni?" Sai da aka je gaban maigari. Liman ya tuna musu cewa Alƙur'ani da kansa, cikin Suratul Baƙara, ya yi umurni a rubuta bashi. Sannan ya yarda. Da shanu suka dawo da kaka an ba shi maraƙinsa ba gardama. Amma karsana ɗaya ta mutu da ciwo a daji, kuma takardarmu ba ta ce komi ba a kan haka. Aka yi ta ja, daga ƙarshe maigari ya raba musu asarar. Laifina ne, ni manomi ne, ban yi tunanin wannan ba. Yanzu mun ƙara layi: in dabba ta mutu ko ta ɓata, wa zai ɗauka, kuma wace shaida makiyayi zai kawo.

Bana ruwa ya zo a jere, haki ya fi ƙarfina, na ɗauki ƴan barema biyu don maimai. Ɗaya ɗalibina ne. Mun gama ciniki ina shirin juyawa, sai ya zaro takarda da fensir daga aljihu, ya ce: "Malam, abincin rana a kan wa yake?" Wallahi sai da na ji wani abu ya tsaya mini a wuya, don a raina na so su zo da furarsu. Na karɓi fensir na rubuta: a kaina.