Tumbuɗin jariri da tsoron da ya fi shi illa

Bahaushe ya daɗe da raba amai da tumbuɗi, kowanne da sunansa. Amai na zuwa da yunƙuri da galabaita, shi kuwa tumbuɗi gangarowa yake yi ta gefen baki, jaririn na kallonka yana wutsil-wutsil da ƙafa kamar ba daga cikinsa abin ya fito ba. Kakanninmu mata ba su ɗauke shi ciwo ba. Tsumma suke yafawa a kafaɗa su ci gaba da hirarsu. Sai dai wannan natsuwa ta zamanin nonon uwa ce, wanda ba a auna shi da cokali, ba a kuma biyan kuɗinsa. Ranar da madarar gwangwani ta shiga gida, natsuwar kan fice ta bar mutane da lissafi da fargaba.

A manyan birane akan danganta madarar gwangwani da matan da ke zuwa ofis. A ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa labarin daban yake. Mafi yawan jariran da na san an raina da gwangwani, ko dai uwar ta rasu wajen haihuwa, ko tana kwance ba lafiya, ko kuwa gudun hijira da firgici sun sa an yanke hukuncin cewa nononta ya ƙafe. Daga harin Kadisau na watan Yunin 2020 zuwa yau, gidaje da yawa sun watse, jarirai sun faɗa hannun kakanni da gwaggonni a Faskari da Daudawa da Funtuwa. Waɗannan bayin Allah sun yi raino iri-iri, amma ba su taɓa raino da bulunboti ba, babu kuma wanda ya zaunar da su ya koya musu.

Gidanmu ma abin bai tsallake shi ba. Ƙanwata ta rasu tun ba ta gama wankan jego ba, ta bar 'ya mace, rainonta ya koma hannun mahaifiyarmu, sayen madara kuma ya hau kaina. Yarinyar ba ta shan madara sai ta dawo da wani abu. Nan da nan masu shawara suka yi wa Inna caa. Wata ta ce madarar ta yi mata ƙarfi, a ƙara ruwa. Wata ta ce a sauya gwangwani. Wata ta ce beli ne, a kira wanzami. Wata kuma ta ce cikin yarinyar ba ya riƙe ruwa-ruwa, a fara ɗura mata koko. Ita kuwa Inna abin da ta faɗa mini ta waya shi ne: “Ɗan nan, guminka nake gani yana malala a kan zane, ga marainiyar Allah ba ta amfana.”

Digirina ba na likitanci ba ne, don haka muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar lafiyar da ta duba ta ba ta rubuta magani ba. Ta ɗora ta a ma'auni, ta duba katin awonta, ta tambayi sau nawa take fitsari a yini, sannan ta ce da Inna: “Hajiya, jikarki lafiya lau take, cika mata ciki ake yi.” Bayanin da ta yi mana, wanda daga baya na tarar da shi a rubuce-rubucen likitocin yara, shi ne a mahaɗar maƙoshi da tumbi akwai wata tsoka mai aikin murfi, wadda a jikin jariri ba ta gama ƙwari ba. Tumbin ƙarami ne, abincin ruwa ne zalla, yaron kuma kusan kullum a kwance yake. Shi ya sa aƙalla jarirai huɗu cikin goma ke yin tumbuɗi. Yakan tsananta wajen wata huɗu, ya lafa idan yaro ya fara zama, kuma tara cikin goma sun bar shi kafin su cika shekara.

Mai shan bulunboti yana da ƙarin dalili. Jariri kan saki nonon uwa idan ya ƙoshi, amma mai riƙe da kwalba so take ta ga an shanye, musamman idan ta tuna da tsadar abin da ke ciki. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi a watannin farko ita ce kimanin mililita 150 ga kowane kilo na nauyin jariri a yini guda. Mai kilo 4 ke nan yana bukatar mililita 600, idan aka raba gida takwas, 75 a kowane sha. Wanda aka ɗura wa ninkin haka a zama ɗaya dole ya dawo da rarar. Don haka a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, akai-akai, ba tare da rage jimillar yini ba. A ɗan ɗaga kansa lokacin sha, a dakata a tsakiya a saɓa shi a kafaɗa har ya yi gyatsa. Kada a faɗaɗa hujin kan bulunboti da allura. Bayan ya sha, a riƙe shi a miƙe na minti 20 zuwa 30, kada a yi gaggawar goya shi a tamke cikinsa da majanyi. In barci ya zo, a kwantar da shi rigingine, domin kwanciyar rub-da-ciki na da haɗari ga numfashin jariri, ko da mai tumbuɗi ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarwarin nan huɗu, domin a cikinsu illar take. Ƙara ruwa a madara yunwa ce da aka lulluɓe da farin launi: ciki ya cika, jiki bai samu komai ba, daga nan sai tamowa. Yawancin gwangwanaye cokali ɗaya ne a shafe ga mililita 30 na ruwa, kuma abin da aka rubuta a jikin gwangwanin shi ne abin bi. Koko da madarar shayi ta leda ba abincin jaririn da bai kai wata shida ba ne. Cire beli da askar da ba a tafasa ba na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, tumbuɗin kuma yana nan. Sauya gwangwani barkatai asarar kuɗi ce, sai fa in likita ya gano jikin yaron ba ya karɓar madarar shanu. Sannan ga tsafta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama madarar da tafasasshen ruwan da bai huce sama da rabin awa ba, a sanyaya kafin a bayar, wadda ta kwashe awa biyu a ajiye kuma a zubar. Inda wanke bulunboti ke da wuya, ƙaramin kofi ya fi aminci.

Akwai kuma ranar da bai kamata a ce tumbuɗi ne a zauna ba. Idan abin na fita da ƙarfi kamar an tsirta shi, musamman ga ɗan mako biyu zuwa takwas. Idan ya zo kore ko rawaya ko da jini. Idan akwai zazzaɓi ko gudawa, ko ciki ya kumbura, ko maɗiga ta faɗa, ko fitsari ya ragu, ko yaro ya ƙi sha, ko nauyinsa ya tsaya, to asibiti ne wurinsa. Mu da muka san yadda hanyar Sheme da 'Yankara take idan rana ta yi sanyi, mun san ba a jinkirta irin wannan tafiya zuwa yamma.

A ƙarshe, ina kira ga malamanmu da masu hali. Addininmu ya halatta shayar da ɗan wata, aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta yi bayaninsa, kuma Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Fiyayyen Halitta (SAW). Inda aka samu mai jego lafiyayya a dangi, bayan an yi mata gwajin jini, nononta ya fi kowane gwangwani alheri ga maraya. Inda ba a samu ba, madarar marayu ta cancanci kaso daga sadakarmu, domin kakar da ta tabbata wani gwangwanin na tafe ba za ta tsinka na hannunta da ruwa ba. Ma'aikatan asibitocinmu na karkara kuma su ware mintuna kaɗan ranar awo, su nuna wa masu raino yadda ake awon cokali da ruwa. Tumbuɗi baƙo ne, yakan tafi da kansa. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya jiƙan iyayen da suka riga mu, Ya dawo mana da zaman lafiya.